Kundin Aikin Neman Tsofaffin Kwabbai a Filin da Ƙusa Ta Cika

16 Nuwamba 2024

Filin tsohon wurin cin kasuwar mako ne da aka tayar zuwa bakin titi, yanzu kuma gonar dawa ce. Sai da aka yanke kara aka shiga. Mai gona ya yarda, mai unguwa yana da labari, sharaɗin kawai shi ne duk ramin da aka tona a mayar da ƙasarsa a take a daddale. Aikin bai wuce saman ƙasar da garma ke juyawa ba, kuma kuɗin ƙarni na 20 ake nema. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba, don haka in aka ci karo da tukunya a binne ko wani abu da ya girmi zamanin kasuwar, sai a rufe a sanar.

An yanki fili mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, aka kafa turaku, aka ja igiya ta raba shi layi 20, kowane layi faɗin mita ɗaya. Kayan aiki: na'urar gano ƙarfe Minelab Equinox 800 da faifanta na asali mai inci 11 (zagayayyen bakinta da ake lilo da shi a kan ƙasa), ƙaramin faifai mai inci 6, 'yar sandar lalube ta cikin rami, mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar lasifika, ƙaramar fartanya, diga, rariyar waya mai ido milimita 5, da ledojin ajiya masu lamba.

Zagayen farko da babban faifai, a saitin kamfani, ya wuce kusan shiru. Shirun nan ba alheri ba ne. Da aka danna maɓallin da ke buɗe duk sautuka, sai gurnanin baƙin ƙarfe ya cika kunne, kowane lilo ɗaya sau huɗu ko biyar. Ramukan gwaji sun nuna abin da ke ƙasa: ƙusoshin rumfa, guntayen kwanon rufi, gwangwanin madara da na tumatir da suka rududduge, marafan kwalba, waya, da ɗan kashin maƙera ta kusurwar gabas.

23 Nuwamba 2024

Ba a tona komai yau ba. An zauna da kuɗin da aka aro daga masu ajiyar tsofaffin sulalla, ana gifta kowanne a gaban faifai, ana rubuta lamba da sauti. Wannan na'ura tana ba da lamba daga -9 zuwa 40: sifili zuwa ƙasa na baƙin ƙarfe ne, daga 1 zuwa sama na sauran ƙarafa.

Abin da ya kamata mai nema a ƙasar nan ya riƙe shi ne, yawancin kuɗin da ake yarwa a kasuwa ba na azurfa ba ne. Aninin farko na 1907 na alminiyam ne, daga 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Kwabo mai huda da ɗari (rabin kwabo) ma da wannan gauraye aka yi su, sai a 1952 aka mayar da su tagulla. Sule da dala (sule biyu) na azurfa sun fito a 1913, amma daga 1920 aka sauya su da wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Na tarayyar Nijeriya na 1959, kwabo da ɗari tagulla ne masu huda, sisi da sule da dala kuwa jan ƙarfe da nikel. Haka kwabo 5, 10 da 25 na 1973.

Gaurayen jan ƙarfe da nikel rago ne wajen ɗaukar lantarki, bai kai kashi goma cikin ɗari na jan ƙarfe zalla ba. Shi ya sa anini, mai faɗin kusan milimita 20, yake faɗawa can ƙasan ma'auni, unguwa ɗaya da takardar sigari mai ƙyalli da kunnen gwangwanin lemo. Kwabo mai huda na nikel, da yake ya kai milimita 30, ya ɗan ɗara shi. Na tagulla da na azurfa suna sama da 20. Liyarin Mariya Tereza, mai nauyin giram 28, shi ne can ƙololuwa. Hudar tsakiya ba ta rage sauti sosai ba, domin lantarkin da faifai ke tayarwa a jikin kwabo ta gefe yake kewayawa.

Ke nan shawarar da ake yawan ji, wai a ɗaga tacewa sama, wato saitin da ke toshe sautin ƙananan lambobi, a tona manyan lambobi kawai, ba ta wannan fili ba ce. Wanda ya bi ta zai taka anini ɗari ya wuce bai sani ba. Wuri kuwa, kuɗin da ya riga su duka, na'ura ba ta jin sa sam, sai rariya.

30 Nuwamba 2024

An shirya wurin gwaji a gefen gona, inda aka bi da na'ura aka tabbatar babu ƙarfe. An binne anini huɗu a zurfin santimita 10, tazarar mita ɗaya tsakaninsu. Na ɗaya shi kaɗai. Na biyu da ƙusa mai inci 3 a gefensa, tazarar santimita 5, zurfi ɗaya. Na uku da ƙusa a samansa, a zurfin santimita 4. Na huɗu an barbaɗa masa ɓarɓashin tsatsar gwangwani cike da cokali a kai. Kowanne an sa masa turken kara, ba na ƙarfe ba.

Na ɗaya ya amsa tsaf da kowane faifai. Na biyu, da babban faifai, ya amsa ta fuska ɗaya tak, lambar ma ta sauko kusa da sifili. Da aka juyo ta ɗaya fuskar sai gurnani. Ƙaramin faifai ya raba su, aka ji gurnani da ɗan siririn sauti manne da juna. Na uku babu faifan da ya ji shi. Na huɗu ya fi ba da mamaki: tsatsar da ko nauyin ƙusa ɗaya ba ta kai ba ta dusashe sautin har ya zama kamar na tarkace.

Dalilin a bayyane yake. Faifai ba ya ganin abu ɗaya-ɗaya. Duk abin da ke ƙarƙashinsa a lokaci guda yake haɗawa ya ba da amsa ɗaya. Baƙin ƙarfe yana ja ta ɓangaren maganaɗisu, kwabo yana ja ta ɓangaren lantarki, lambar da ta fito matsakaicin jan biyun ce. Tun da ƙarfin amsa yana raguwa da sauri ƙwarai in abu ya yi nisa, ƙaramar ƙusa da ke sama tana danne babban kwabo da ke ƙasa. Tacewa kuma ba ta sa na'ura ta ga bayan ƙusa. Bakinta kawai take rufewa. Ƙusar na nan tana ɓoye kwabo, mai nema ne dai ba ya jin ta.

Daga yau an daina aiki da tacewa. Duk sautuka a buɗe, amma an rage ƙarar sautin baƙin ƙarfe zuwa 4 cikin 25, yadda za a riƙa jin sa kamar ƙunƙuni ba tare da ya gajiyar da kunne ba.

14 Disamba 2024

Matsalar ƙasa. Ta arewacin filin akwai jar tsakuwar marmara, ita kanta tana da sinadarin ƙarfe, kuma na'ura na ta ƙorafi a kai ko babu komai a binne. An daidaita ta da ƙasa ta hanyar ɗaga faifai da sauke shi, daga santimita 15 zuwa kusa da ƙasa, har ta yi shiru. Wahalar ita ce samun tabo mai tsabta da za a yi hakan. In aka daidaita a kan ɓoyayyiyar ƙusa, duk aikin ranar ya karkace. Yanzu a wurin gwaji ake daidaitawa, a sake in an koma ɓangaren marmara. An kashe saitin da ke bin sauyin ƙasa da kansa, domin a fili irin wannan yakan ɗauki tsatsa a matsayin ƙasa.

An kuma sauke ƙarfin ji daga 23 zuwa 17. Kamar fitilar mota ce cikin hazon hunturu: in ka ƙure ta, hazon take haskawa, ba hanya ba. A 23 kowane ɓarɓashin tsatsa yana magana. A 17 aninin gwaji na santimita 10 yana nan ana jin sa, ƙananan surutai kuwa sun ragu da yawa. Wayar salula a aljihun gaba ma tana sa na'ura ƙyafƙyafta, sai a kashe ta ko a bar ta a bakin gona.

28 Disamba 2024

Saurin farfaɗowa, wato yadda na'ura ke sakin amsar abu ɗaya ta kama na gaba. A wannan na'ura daga 1 ne zuwa 8; wata na'urar, XP Deus, ma tana da irinsa da wani suna. An gwada a kan anini na biyu, mai ƙusa a gefe. A 3 da 4 sautin ƙusar yana ja har ya haɗiye na aninin. A 6 sun fara rabuwa. A 7 sun rabu sarai. A 8 sautin ya gajarce ƙwarai, kamar ƙyas, har mai gajiya zai iya wuce shi, kuma zurfin ya ragu. An tsaya a 7.

Rashin zurfin bai dami aikin ba. Duk abin da ya fito zuwa yanzu bai wuce santimita 12 ba, domin garmar shanu tana juya wannan saman kowace shekara. Kuɗin ba nisa suka yi ba, fakewa suka yi.

Lilon hannu ma sai da aka gyara. Ƙaramin faifai santimita 15 ne faɗinsa, kuma filin jinsa siriri ne kamar kaifin wuƙa daga gaba zuwa baya, yana ƙara tsukewa in an yi ƙasa. Don haka kowane lilo ba ya wuce santimita 7 gaba da na baya, kuma daƙiƙa biyu ake ɗauka a ratsa faɗin layi. Lissafi ya nuna layi ɗaya minti 10 ne ko ba a tona komai ba, filin duka sama da awa uku. Za a bi shi sau biyu, gabas da yamma sannan kudu da arewa, saboda abin da gwajin 30 ga Nuwamba ya nuna: kwabon da ƙusa ta rufe ta wannan fuska yakan leƙo ta waccan. Faifai kuma ya riƙa shafar ƙasa. Kututturen dawa da ke ɗaga shi santimita 3 ko 4 asara ce, sai a tumɓuke su tukuna.

11 Janairu 2025

Mako biyu an sha tonon banza, kuma ya kamata a rubuta masu yaudarar ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne da irin ƙaryarsa.

Ƙusa miƙaƙƙiya ba ta cika ruɗi ba: in aka bi tsawonta tana ba da gurnani biyu, ɗaya a kowane kai. Lanƙwasasshiya da wadda ta tsaya da tsininta sama su ne matsala, sukan jefo siririn sauti mai daɗi daga gefe. Alamarsu ita ce wurin sautin ba ya tsayawa. A ja layi da yatsa inda aka ji shi, a zagaya kwata, a sake ja. In layukan biyu sun haɗu a wuri ɗaya kuma lambar ba ta yi tsalle da yawa ba, a tona. In sautin ya ƙaura tafin hannu guda, ko maɓallin nuna tsakiya ya ja faifai gefe, ƙusa ce. Lambobin 38 zuwa 40 da ke walƙiya su ɓace ma galibi baƙin ƙarfe ne da ya zagayo ta ƙarshen ma'auni.

Guntun kwano da gindin gwangwani sun fi wuya. Da yake shimfiɗaɗɗu ne, lantarki yana samun wurin kewayawa a jikinsu kamar kwabo, sai su yi sauti mai kyau ta kowace fuska. Ana kama su da girma: a ɗaga faifai sannu a hankali ana lilo. Kwabo yakan ɓace da wuri, kwano kuwa yana nan yana ƙara har faifai ya kai tsayin taƙi ko fiye. Sautinsa ma faffaɗa ne, ba shi da farko da ƙarshe masu kaifi.

Marfin kwalba dabararsa daban. A ci gaba da gajeren lilo a kansa ana janyo faifai baya, har bakin faifan ne kawai ke gifta shi. Kwabo yana riƙe sautinsa har ya dushe; marfi kuwa sai ya karye ya koma gurnani a ƙarshe.

Ga rami ɗaya daga layi na 9 da ya nuna yadda abin yake. Ta gabas an ji gurnani mai ɗan tsini a wutsiyarsa, lamba tana yawo tsakanin -3 da 6. Ta kudu shiru sai gurnani. An gajarta lilon zuwa faɗin yatsu huɗu a kan tsinin kaɗai, sai ya riƙa maimaituwa a wuri ɗaya, tafiya da dawowa. An yanke ƙasa da'ira faɗin tafin hannu biyu. A santimita 5 'yar sanda ta kama ƙusa mai kai, ta ci tsatsa har ta kumbura. Aka cire ta, aka sake gifta faifai a kan ramin, sai ga sauti tsaf, lamba ta tsaya cak. A santimita 9, a jikin bangon ramin, anini ne a karkace, ya yi ja-ja-baƙi kamar ɓawon goro, ƙasa ta toshe hudarsa. Da aka goga da yatsa tauraro mai tsini shida ya fito. Tun daga nan ƙa'ida ce: ba a rufe rami sai an sake bi ta kansa da faifai bayan an cire ƙarfen farko.

25 Janairu 2025

Ƙasa ta bushe ta yi tauri, fartanya ba ta shiga. Diga ta tsage fuskar wani kwabon tagulla na 1959. Yanzu ana sara nesa da tsakiya da santimita 10, a ɓanɓaro hoge guda, a murƙushe shi da hannu. Wanki kuma ruwa ne da tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace kawai. Lemon tsami da ruwan batir suna cinye rubutun, su bar fuskar kwabo da ramuka.

8 Fabrairu 2025

An gwada abin da aka daɗe ana gudu saboda wahalarsa: kwashe ƙarfen gaba ɗaya. An zaɓi wuri mita 2 da mita 2 a tsakiyar filin, inda gurnani ya fi yawa, wanda an riga an bi shi ta fuska biyu an ɗauka ya ƙare. An sassabe saman santimita 5, aka tankaɗe a rariya, aka bi da mayen ƙarfe a cikin leda. In ya cika sai a zare ledar, tarkacen ya zube a bokiti. Abin da ya fito ya kusa cika kwanon awo. Da aka sake bi da na'ura, wurin da aka ce ya ƙare ya ba da anini biyu da sisi ɗaya. Awa uku aka yi a kan wannan ɗan wuri, don haka ba abin yi wa fili duka ba ne, sai inda alamu suka nuna rumfa ta taɓa tsayawa.

Mayen ƙarfen ya tono wani kuskure kuma. A cikin tarkacen da ya kama har da kwabo 50 na 1991. Kuɗin da aka buga a shekarar na baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi: kwabo 10 da 25 da jan ƙarfe, kwabo 50 da naira ɗaya da nikel. A kunnen na'ura kusan marfin kwalba ne, kuma dabarar janyo faifai baya tana yar da su tare da marafan. Ba su da wata daraja a wurin masu tarawa, amma suna nuna lokacin da aka daina hada-hada a wurin, don haka yanzu ana duba bokitin tarkace kafin a zubar.

1 Maris 2025

Saitin karkata ga baƙin ƙarfe. Yana daga 0 zuwa 9, kuma iri biyu ne, Fe da F2, na biyun ya zo da sabunta manhajar na'urar a 2019. Aikinsa shi ne yanke hukunci kan amsar da ke da ruwa biyu: in an ɗaga shi, na'ura tana kiran duk abin shakka baƙin ƙarfe. A F2 6 marafan kwalba da lanƙwasassun ƙusoshi sun yi shiru, aiki ya yi daɗi, amma aninin gwaji mai ƙusa a gefe shi ma ya tafi tare da su. A 0 ya dawo, ƙaryar ƙusoshi ma ta dawo. Babu saitin da ke ba da duka biyun. Tun da abin da ake nema shi ne ainihin mai ruwa biyun, an bar shi tsakanin 0 da 2, an yarda da tonon banza. Gwiwa ce ke biya.

An kuma gwada mitocin siginar da faifai ke aikawa ƙasa, waɗanda ake aunawa da kilohaz, ɗaya-ɗaya. A kilohaz 5 liyari da kwabon tagulla suna amsawa da ƙarfi, anini kuwa da kyar. A 20 da 40 anini ya fito fili, amma takardar sigari da ɓarɓashin alminiyam sun fito tare da shi, marmara ma ta ƙara surutu. Haɗakar mitoci a tsarin Field 2 ita ta fi zama lafiya a kan wannan ƙasa. Wanda ke da na'ura mai mita ɗaya, wadda ke tsakanin kilohaz 12 da 20 ta fi dacewa da kuɗin nikel a kan mai 6 ko 7, kuma kuɗin da zai kashe a ƙaramin faifai ya fi masa amfani a kan sauya na'ura.

Kashin maƙera na kusurwar gabas bai warwaru ba. Wani yana gurnani, wani yana ba da 1 ko 2, wani yana amsawa ta tafiya ya yi shiru ta dawowa. An tsallake layi na 18 zuwa 20 tukuna.

17 Mayu 2025

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙa kamar taƙi guda. Daidaiton da aka saba da shi a rani ya sauya, sai da aka sake shi. Tono ya yi sauƙi, aninin gwaji shi kaɗai ya fi fitowa, amma tsatsa ma ta farka: ƙusoshin da suka yi shiru a Janairu yanzu suna jefo siririn sauti, har aka sauke ƙarfin ji zuwa 16. Wanda ke ƙarƙashin ƙusa har yau ba a ji shi ba.

An gama bin layi na 1 zuwa 17 gabas da yamma. Kudu da arewa an kai rabi. Taswirar da ake sa wa ɗigo ta nuna kuɗin sun taru a layi biyu masu fuskantar juna, tazarar kusan mita 4, inda ƙusa ma ta fi yawa, abin da ya yi kama da jerin rumfuna da hanya a tsakani. Mai gona ya ce da ruwa na biyu zai yi shuka, don haka za a cire turaku a makon nan, a bar huɗu na kusurwa a binne da siminti don a gane wurin. Bayan girbi za a fara da tankaɗe wurare uku a kan layukan nan biyu, sannan a bi sabuwar huɗar da garma ta juyo, ta kusurwa zuwa kusurwa wannan karon.